Kamilu da Kwanar Kanya

Kamilu taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗin aibinsa a gaban kowa. Babban aibinsa kuwa shi ne ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya shigo gidanki ya ga tabarma ta ɗan goce, sai ya daidaita ta da ƙafa kafin ya amsa gaisuwa. Tun muna yara nake ce masa Sarkin Gyara, shi kuma yana ce mini Uwar Surutu, har yau da furfura ta fara leƙo mana babu wanda ya tuɓe ɗan'uwansa daga sarauta.

An haife shi a wani ɗan gida can gefen Tamawa, daidai inda hanyar ƙauyuka take fitowa ta haɗu da wadda ta nufi Dutsin-Ma. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar kanya, shi ya sa ake ce wa wurin Kwanar Kanya. Kwana ce mai mugun hali a wancan zamanin. Hanya za ta taho miƙe, sai kawai ta karye kamar gwiwar hannu, ta zagaye gidan Kawu Ɗayyabu, mahaifin Kamilu. Direban da ya san wurin tun daga nesa yake taka birki, baƙo kuwa sai dai a ji ƙara. Ranar kasuwa in mota ta kife da buhunan wake, mu yara murna muke yi mu ruga tsinta, don ba mu da hankali. Kamilu ne kaɗai ba ya tsinta. Sai ya tsaya yana bin sawun taya da kara, yana damun manya da tambayar me ya sa gaban mota ya wuce lafiya amma bayanta ya faɗa rami. Wata rana ba wake kaɗai aka kwashe ba, har da mutanen da aka lulluɓe da zannuwa a gindin kanyar. Daga ranar ya ce in ya girma sai ya gyara kwanar nan. Muka yi masa dariya, ni ce ma a kan gaba.

Mahaifiyarsa, Inna Lauratu, jinin Fulanin nan ce da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Fillancinta bai wuce na gaisuwa ba, amma fulako kam ta gaje shi kaf. Ban taɓa jin ta ce tana jin yunwa ba, ban taɓa jin ta ce wani wuri yana yi mata ciwo ba. In ka ba ta abu ta ce ba ta bukata, in ka matsa ta karɓa, gobe ka gan shi a hannun wani. Mun san Kamilu ba shi ne na farinta ba, domin tana kiran sunansa kai tsaye, abin da ko za a yanka ta ba za ta yi wa ɗan fari ba. An yi wani kafin shi, bai zauna ba. Iyakar saninmu ke nan, kuma babu yaron da zai buɗe baki ya nemi ƙari.

Kawu ya rasu Kamilu yana sakandare. Inna ce ta riƙe shi da fura da dakau har ya gama, ya wuce Katsina ya karanta aikin injiniya, ya samu aiki a wani kamfani mai zana hanyoyi da gadoji. Da sha'anin 'yan bindiga ya ta'azzara, mutanen unguwar suka watse, shi ma ya ɗauke ta ya mayar da ita cikin Kurfi. Gidan ƙasa in babu mai yaɓe ba ya jimawa. Damina kaɗan ta ci shi, ya zama kufai, in ba ka san wurin ba sai ka ce ba a taɓa hura wuta a nan ba. Kanya kaɗai ta rage a tsaye.

Duk da haka Inna ba ta daina zuwa ba. In dai hanya da lafiya, kowace Juma'a da hantsi za ta hau babur ta ce za ta je tsinkar tafasa, ko a lokacin da tafasa ta bushe ƙurmus. Na sha raka ta. Ba a inuwar kanyar take zama ba. Can bayanta, cikin kufan, akwai wani rabin dutsen niƙa da ya nutse a ƙasa, a gefensa take shimfiɗa ɗan buhu ta zauna cikin rana, ta ja carbi, ta share ciyawar da ke kusa da hannu, sannan ta tashi. Kamilu yakan tsokane ta ya ce, "Inna, ga inuwa kyauta kin zaɓi rana." Sai ta ce ƙashin tsufa rana yake so.

Abin da ya fi cin ran Kamilu a rayuwarsa shi ne bai taɓa yi wa uwarsa abin da ta riƙe ba. Ya sai mata katifa, ta naɗe ta ajiye don baƙi. Ya sa mata fanka mai sola, ta kai ɗakin matarsa ta ce mai goyo ta fi bukata. Atamfar da ya kawo mata daga Kano kuwa a jikin maƙwabciya ya gan ta ranar suna. Ya taɓa ce mini, "Mardiya, matar nan ta yi mini komai, ni kuwa ko allura ta ƙi bari ta zauna a hannunta. Kada ta mutu ban yi mata komai ba." Na so in yi masa ba'a kamar kullum, na ga idonsa, na fasa.

Ana nan sai aka tashi gyaran hanyar, kamfaninsu ya samu aikin zane, kuma Allah da ikonsa mararrabar Kwanar Kanya ta faɗo a teburinsa. Ya zo gidana a Dutsin-Ma bayan La'asar, wai ya zo gaishe ni, alhali solata ya zo sha, don batirin kwamfutarsa ya mutu.

"Uwar Surutu, zo ki ga gidanmu," in ji shi.

Na leƙa na ga baƙin allo cike da ɗige-ɗige da layuka masu launi. Na ce, "Ina gidan? Ni dai na ga kamar kaji sun yi tsattsaga."

Ya nuna mini wani koren zobe, ya ce kanya ce. Ya nuna tsohuwar rijiyar unguwa, da kwalbati, da iyakokin gonakin mutane. Ya ce 'yan awo ne suka je da na'urarsu mai ƙafa uku, duk abin da suka ga ya isa a kula da shi suka sa masa ɗigo da suna. Abin da ba su sa wa ɗigo ba, a wurin kwamfuta babu shi a duniya. Inda gidansu yake fili ne fetal, babu ko ɗigo ɗaya.

Sannan ya shiga koya mini yadda ake lanƙwasa hanya, kamar na tambaye shi. Ya ce in ɗauka an ɗaure akuya a turke tana zagaye. In igiyar gajera ce, zagayen zai matse, in doguwa ce zai buɗe. To kowace kwana haka take, tana da turkenta da igiyarta, sai dai ba a ganinsu. Ya kama wani ɗigo a allon ya ja, sai na ga kwanar tana miƙa tana buɗewa. Ya mayar da shi baya, ta matse, nan take wani jan rubutu ya fito. Ya ce manhajar zanen ce take faɗa, tana cewa igiyar ta yi kaɗan ga gudun da mota za ta shigo da shi. Daga nan ya ɗora hoton tirela a kan layin ya sake ta, ta bi kwanar a hankali, tayoyin baya suna barin nasu sawun dabam da na gaba. A tsohuwar kwanar, sawun bayan ya fita daga titi ya faɗa rami.

"Kin ga amsar tambayar da na yi tun ina yaro," ya ce. Murna a fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Matsalar ita ce, da ya ba kwanar igiyar da ta dace, sabon layin sai ya bi ta tsakiyar koren zoben. Dole a sare kanya.

Aka je aka kafa turaku masu jan fenti. Ranar Juma'a ya kai Inna da kansa don kada ta ji a bakin wani. Ta tsaya ta bi turakun da ido, ta ce, "Nan za ta bi? Ta kan itacen?" Ya ce e. Ta juya ta dubi kufan, sannan ta ce, "To madalla. Itace ne, Allah shi sa ya yi ma wani amfani." Ta sa bakin mayafi ta share ido.

Wannan hawayen shi ya hana Kamilu sukuni. A gindin kanyar nan ubansa yake saƙar igiya, a nan aka ɗaura auren iyayensa, ita kaɗai ta rage daga gidan. Ya san halin uwarsa, in ta ce babu komai to da komai. Ya ce mini, "Kin ga fulakon ko? Zuciyarta ta karye, amma ta ce madalla." Ni ma haka na fahimta, kuma duk wanda ya san Inna haka zai fahimta. A nan ya ƙudura cewa ya sami abin da zai ba ta wanda ba ta da halin naɗewa ta ajiye wa baƙi. Ya ce kada in gaya mata.

Ya sha wuya a kan aikin nan, na shaida. Ya gajarta igiyar don hanya ta bi ta gaban itacen, jan rubutu ya fito. Ya gwada tura mararrabar gaba ɗaya, ta hau rijiya da gonakin mutane. Kuma ashe hanya ba a taɓa mata wuri ɗaya. Da ka motsa kwana, sai lambatu ya motsa, kwalbati ya tashi daga inda yake, tudun da ake ɗan yi wa gefen waje don kada mota ta zame shi ma sai an sake lissafa shi. Matarsa Rukayya ta ce mini tuwo yakan huce a gabansa yana jan ɗigo. Ya rame, ƙeyarsa ta fito, na ce masa in bai yi hankali ba shi ma za a sa masa ɗigo a rubuta "tsohon turke".

Daga ƙarshe dabara ta zo masa. Maimakon ya rage igiyar, sai ya ƙara mata tsawo sosai. Kwanar ta buɗe, ta baro gaban kanyar, ta zagaya ta bayanta, ta ratsa ta cikin kufan. Itacen ya tsira a wani ɗan tsibiri tsakanin tsohuwar hanya da sabuwa. Babu jan rubutu ko ɗaya. Tirelar allo ta wuce sumul, ba ta ko rage gudu ba.

Shugabansa ya so ya ƙi, ya ce wurin kwari ne, zai ci ciko da yawa, kuma ba a sake zane saboda itace. Kamilu ya nuna masa cewa sabuwar kwanar ta fi ta farko aminci, direba zai hango abin da ke tahowa tun daga nesa. Game da fili kuwa, ya ce gadonsa ne, ya bayar, babu mai zuwa ya yi ƙara. Mutumin da ba ya iya musu da mai sayar da tumatir, ranar sai da ya tsaya a kan bakansa har aka sa hannu.

Ranar da za a nuna wa Inna, har da ni aka tafi. Kamilu ya sa sabuwar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka tarar 'yan awo suna ƙarasa kafa sababbin turaku, ga leburori, ga direban kamfani. Inna ta sauko daga mota, ta nufi wurin zamanta kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak. Turke ɗaya mai jan fenti yana tsaye dab da dutsen niƙan.

"Kamilu, mi ya kawo wanga abu nan?"

"Inna, hanya ce na kawar miki. Kanyarki ta tsira, ba mai taɓa ta."

"Wa ya ce maka kanya nike so? Maida ta inda take. A sare itacen."

Ya yi dariya, ya dube ni. "Kin ji ta ko, Mardiya? An fara. Inna, katifa kin ba baƙi, fanka kin ba Rukayya. Wannan kam ba ki da wanda za ki ba, sai dai ki haƙura ki karɓa."

Na ga bakinta ya motsa. Ta dubi Kamilu, ta dube ni, ta dubi mazan nan baƙi da suka dakata da aiki suna sauraro. Ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Wurin ga ba ya son nauyi, Kamilu."

"Kada ki damu, Inna, mun auna ƙasar. Ciko za mu yi, mu bi da rola mu danne, ko tirela goma ba za ta motsa ba."

Ta dubi turken. Can ta ce, "To a ciro mani dutsena."

Wayyo Kamilu. Ya tuɓe babbar riga, ya karɓi diga a hannun lebura, ya ciro dutsen da kansa ya kai but ɗin mota, shaddar duk ta yi jar ƙasa. A hanya yana ta washe baki, ya raɗa mini cewa yau ce rana ta farko da uwarsa ta roƙe shi wani abu.

Aka kawo greda da tifofi. Aka zuba jar ƙasa aka danne, aka zuba tsakuwa aka danne, aka malala kwalta. Tun da aka fara Inna ba ta sake cewa za ta tsinkar tafasa ba. Muka ce ƙarar injuna ce ta hana ta. Ta rage cin abinci, muka ce tsufa ne. Dutsen kuwa ta sa aka tura mata shi ƙarƙashin gado.

Hanya ta yi kyau, wannan ba a musu. Direbobin Kurfi har suna sa wa wanda ya zana ta albarka ba su san shi ba. Sai Kamilu ya ce lallai sai Gwaggonsa ta gani, wato mahaifiyata Huseina, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a Shema wajen yayana, ta yi shekaru ba ta taka Tamawa ba. Muka ɗauko ta a mota. Inna ta ce ita tana da uzuri, mu je kawai.

Muka tsaya a gindin kanyar. Mahaifiyata ta dogara sanda, ta yi ta kallon wurin tana neman gidan da ta girma a ciki. Ta fara nunawa da sandar. "Nan zaure yake. Nan turakar Yaya. Rumbu can. Ɗakin Lauratu kau..." Sandar ta tsaya tana nuna tsakiyar kwalta. Ta sauke ta a hankali.

"Kamilu, ina kuka maida yaron?"

"Wane yaro, Gwaggo?"

"Mahmuda mana. Yayanka."

Ba mu taɓa jin sunan ba, daga ni har shi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gane, ta ce innalillahi.

"Ku 'yan yanzu ba ku san komi ba. A zamaninmu jinjiri ba a kai shi maƙabarta, bayan ɗakin uwarshi aka sa shi. Ko arba'in ba ta yi ba ya koma. Ni na yi mashi wanka da hannuna. Ubanka ya aza rabin dutsen niƙa bisa, don kada wani abu ya tona. Ba ku ga dutsen ba?"

Kamilu ya zauna a ƙasa daɓas, ya ɗora hannu biyu a ka. Daidai lokacin wata tifa ta taho da yashi, ta shiga kwanar da gudunta, ta wuce, har ƙasa tana girgiza a ƙarƙashinmu.

Daga nan Kurfi muka wuce. Inna tana zaune a bakin gado. Da ta ga fuskar ƙanwar mijinta ta san an faɗa. Kamilu ya durƙusa a gabanta yana kuka irin na yara, har da shessheƙa.

"Inna, don me ba ki gaya mini ba? Kalma ɗaya, Inna. Da ɗigo ɗaya zan ja."

"Da wane baki?" ta ce. "In tsaya gabanka, gaban maza, in yi zancen wancan? Kuma a ji tsohuwa kamata har yau ba ta haƙura da abin da Allah ya karɓa ba?" Ko a ranar ba ta kama sunan ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma na ga kana murna. Tun da na haife ka ban ga ka yi murna irin ta ran nan ba."

Sai a lokacin muka gane hawayen ranar farko. Da aka ce mata ta kan itace hanya za ta bi, ta juya ta ga turakun sun yi nesa da dutsenta. Hawayen godiya ne muka ɗauka na baƙin ciki.

Kamilu ya je wajen malamai. Suka ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba, kuma tunda ciko aka yi ba tono ba, ba a taɓa yaron ba, yana nan inda ubansa ya sa shi. Ya ji, ya yi godiya, amma bai sami sauƙi ba. Ya yi tunanin neman a fasa kwalta, ya san ko mahaukaci ba zai saurare shi ba, kuma in an fasa ɗin me za a samu bayan shekara arba'in da wani abu? Wata rana ya zo gidana ya buɗe zanen, ya sa ɗigo a inda dutsen yake, ya rubuta sunan a gefensa. Ɗigon ya faɗo a tsakiyar hannun da motoci masu nauyi suke bi in sun fito daga ƙauye. Ya kunna tsohon zanen a kai, na farkon nan da ya yi watsi da shi. Layin ya wuce can nesa, ko lambatunsa bai kusanci wurin ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe kwamfutar.

Bayan wani lokaci Inna ta ce a kai ta. Muka kai ta ranar Juma'a da hantsi. Wannan karon a inuwar kanyar ta zauna, don babu sauran wani wurin zama. Ta fuskanci titi tana jan carbi, motoci suna wucewa fuu, fuu, kowace ta wuce sai ta runtse ido. Da za mu tashi ta kira shi.

"Kamilu, in roƙe ka wani abu?"

Ya matso da sauri har yana tuntuɓe. "Faɗi, Inna. Ko mene ne."

"Ba a iya sa masu ɗan tudun nan da aka sa cikin gari, su riƙa tahiya sannu in sun zo nan?"

Na san amsar, don ya taɓa yi mini bayani tun ana zane. Ba a sa tudun rage gudu a tsakiyar kwana irin wannan. Mai babur da ya kwanto da gudu in ya hau shi, sai dai a kwashe shi. Duk wahalar da ya sha, ya sha ta ne don kada kowa ya bukaci taka birki a wurin. Da ni ce da na ce mata to, in ya so daga baya a san abin yi. Amma Kamilu bai iya barin abu a karkace ba, ko da magana ce.

"Inna, in na sa shi a nan, zai kashe mutane."

Ta gyaɗa kai. "To bar shi. Kada a kashe ɗan wani." Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Hanya ta yi kyau. Allah shi yi maka albarka."

Ba ta sake zuwa ba. Damina ta gaba ta rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya da ba ta yarda ta kira ciwo ba. Da ake raba kayanta aka tarar da katifar nan a naɗe, ko ledarta ba a cire ba. Kamilu bai ɗauki komai ba sai dutsen. Ya mayar da shi gindin kanyar, ya kafa shi ta gefen da ke kallon titi.

Yana nan yana aikinsa, an ma ƙara masa girma. Abokan aikinsa suna ƙorafi wai ya cika jinkiri, don yanzu ba ya taɓa ɗigo a allo sai ya je wurin da ƙafarsa, ya nemi tsofaffin matan unguwa, ya aika musu mace ta zauna da su a ɗaki ta tambaye su abin da ba za su faɗa a gaban maza ba. Sau da yawa ni yake ɗauka, wai surutuna ya sami amfani.

Tun da aka buɗe hanyar ban ji mota ta kife a Kwanar Kanya ba. Kowa da gudu yake shigarta ya fita, ban da mutum ɗaya. Kwanan baya ina motarsa za mu Kurfi, da muka doso wurin sai ya kunna fitilun gefe ya taka birki, motar ta koma tafiyar ƙafa. Wata bas a bayanmu ta cika mana kunne da ham. Direban ya zagaye mu, ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Alhaji! Hanya kamar tafin hannu kake rarrafe? In ba ka iya ba ka ba yaro!"

Kamilu bai dube shi ba. Ya karkata sitiyari ya raɓa ta can gefe, tayoyinsa biyu a kan tsakuwa, don kada ya bi ta tsakiya. Ya sauke gilashi, ya ce a hankali, "Salamu alaikum, Yaya."

A nan kaɗai ne ba na tsokanarsa.